Girgijen da Ke Dama Kansa

Kano da Lima, babban birnin ƙasar Peru, tazararsu ɗaya daga tsakiyar duniya: Kano tana digiri 12 arewa da ikwaita, Lima tana digiri 12 kudu da ita. Ranar da ke hawa kan wannan ita ke hawa kan waccan, sai dai lokutan shekara sun saɓa. Amma a Kano zafi yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, a Lima kuwa ko a tsakiyar bazararsu da wuya ya haura 30. Daga Yuni zuwa Satumba mutanen Lima sukan jera kwanaki ba su sa ƙwayar rana a ido ba. Sama a rufe ruf, launin toka, iska jiƙe da danshi, wanki ya kwana ya wuni a igiya bai bushe ba. Duk da haka ruwan da ke sauka musu a shekara guda ba ya kai milimita 20, abin da hadari ɗaya na watan Agusta kan zubar a Kano cikin sa'a guda. Mutum sama da miliyan 10 ne zaune a hamada, ƙarƙashin girgijen da ba ya tsawa, ba ya walƙiya, ba ya ba da ruwan kirki.

Wannan girgije ɗan teku ne. Masana suna kiransa stratocumulus. Shimfiɗaɗɗe ne, yana ƙasa-ƙasa, kaurinsa galibi mita 200 zuwa 400, amma faɗinsa yakan rufe tekun Pasifik har fiye da kilomita 1,000 daga gaɓar Peru da Chile. Yana da lokacin kumbura da lokacin ramewa a kowace rana ta Allah, kuma wannan kai-komo nasa shi ke yanke wa mutanen gaɓa irin wunin da za su yi. Wanda ya taɓa zama gaban ƙwaryar fura ya riga ya san yadda yake aiki, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Dubi mai fura. Ta marmasa curi a ƙwarya, ta zuba nono, ta sa ludayi tana damawa, tana danna gudaji a jikin ƙwaryar, tana ɗebo na ƙasa tana kawowa sama, har komai ya haɗe ya yi kauri ɗaya daga baki zuwa gindi. To ajiye ƙwaryar nan, ka rufe da faifai, ka je ka dawo. Gayan ya kwanta a ƙasa, tsinkakken ruwa ya tsaya a sama. Ba wanda ya ɗebi komai, ba wanda ya ƙara komai. Hannu ne kawai ya tsaya. Shi ya sa mai sha ba ya kai ludayi baki sai ya juya shi tukuna.

Ƙwaryar a nan ita ce iskar da ke tsakanin fuskar teku da tsayin kusan kilomita ɗaya. Gayan shi ne danshin da teku ke fitarwa dare da rana. Akwai faifai, akwai kuma ludayi.

Faifan dai iska ce mai ɗumi, busasshiya, da ke danne a sama. Asalinta daga yankunan manyan hadurra ne na kusa da ikwaita, inda iska ke hawa can ƙololuwa, ta zubar da ruwanta, ta yi tafiya mai nisa, sannan ta sauko a hankali a kan tekunan da ke gefe. Tana sauka tana matsewa, tana matsewa tana ɗumama. A ƙarƙashinta kuwa teku ce mai sanyi. Iskar kudu da ke bin gaɓar Chile da Peru tana kore ruwan sama-sama zuwa cikin teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Bajamushen nan Alexander von Humboldt ya auna sanyin wannan ruwa a shekarar 1802, kuma igiyar ruwan tana ɗauke da sunansa har yau. Iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi takan yi sanyi, ta yi nauyi, ba ta iya huda mai ɗumin da ke samanta. Iyakar da ke tsakaninsu siririya ce ƙwarai: jirgin bincike yakan hau 'yan mitoci kaɗan ya ga zafi ya ƙaru da digiri 10. Nan girgijen yake tsayawa. Ba ya iya miƙewa ya zama hadari, don haka ba ya iya yin ruwa mai ƙarfi. Daga gabas kuma tsaunukan Andis sun tare danshin dajin Amazon. Hamadar ke nan.

Ludayin kuwa shi ne abin mamakin, domin ba wani hannu daga waje da ke riƙe da shi. Girgijen ne da kansa yake dama ƙwaryarsa, kuma daga sama yake damawa. Kowane abu yana sakin zafinsa zuwa sarari, kuma saman girgijen yana fuskantar busasshiyar iska wadda ba ta mayar masa da yawan abin da ya saki. Saboda haka 'yan mitocin da ke can samansa sukan huce da sauri. Iskar da ta huce ta yi nauyi, ta nutse ta cikin girgijen, ta zarce har fuskar teku. Wadda ta tarar a ƙasa, jiƙaƙƙiya, sai ta ba ta wuri ta hau sama. Tana hawa tana hucewa, tururin cikinta ya daskare ya zama ɗigo, girgije ya ƙaru. Ƙaruwarsa ta sa samansa ya ci gaba da hucewa, ludayi ya ci gaba da juyawa. Hadarinmu na damina zafin ƙasa ne ke ingiza shi daga ƙasa. Wannan sanyin kansa ne ke tafiyar da shi daga sama. Masanin Amurka Douglas Lilly ne ya tsara lissafin wannan aiki a shekarar 1968, kuma a kan tubalinsa ake gini har yanzu.

Da dare ludayin yake da ƙarfi, don babu rana da za ta rage masa sanyi. Daga magariba har asuba ana damawa ba tsayawa, daga baki zuwa gindi. Ramukan da suka buɗe da rana su toshe, girgijen ya yi kauri, gindinsa ya sauko. Gab da fitowar alfijir yake cika ya batse. A lokacin ne ƙananan ɗigo ke haɗuwa su yi nauyin da za su iya faɗowa, sai a sami wani siririn yayyafi da mutanen Lima ke kira garúa. Ba a jin saukarsa a kan rufi. Mai sammako dai yakan tarar da titi ya yi santsi, gilashin mota ya jiƙe, gashin kansa ya yi laima kafin ya kai tasha. Mafi yawansa bai isa ma'aunin ruwan sama ya ƙirga shi ba.

Da rana ta ɗaga sai lissafi ya juya. Girgijen yana mayar da hasken rana da yawa zuwa sama, amma yana shanye wani kaso a cikin jikinsa. Wannan ɗumi yana cinye sanyin da ke tura ludayin. Iskar da ke nutsewa ba ta da nauyin da za ta kai ƙasa. Takan tsaya a rabin hanya. Daga nan ƙwarya ta rabu biyu. Danshin teku ya kwanta a ƙasa, girgije yana can sama ba mai kai masa. Ga shi kuma bai daina haɗiyar busasshiyar iskar da ke samansa ba, kaɗan-kaɗan, kamar yadda yake yi ko da dare. Da dare abin da teku ke aikowa yana cike wannan giɓi. Da rana an yanke aiken. Sai ya fara tsinkewa. Zuwa azahar ya yi shara-shara, zuwa la'asar ya yayyage, shuɗin sama ya leƙo. Hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna wannan kowace rana: farar shimfiɗa cikakkiya da sassafe, mai ɓuli-ɓuli da yamma. Rana na faɗuwa, saman abin da ya rage ya soma hucewa, ludayi ya sake kaiwa gindi, gayan da ya wuni a kwance ya taso.

Mutum zai ce rana ce ta ƙone girgijen. Ta taɓa shi, babu shakka, amma babbar ɓarnarta ita ce ta riƙe hannun mai damawa. Wannan bambanci yana da nauyi, domin shi ke nuna cewa rayuwar girgijen a motsi take. Danshi yana nan a teku kullum, faifai yana nan kullum. Abin da ke zuwa yana komawa shi ne damun.

A kan tudu labarin yana da ƙarin reshe. Da dare girgijen yakan tsallako gaɓa ya bi kwaruruka yana shiga ƙasa, ya cika kwarin kogin Rímac da Lima ke zaune a bakinsa, har ya dafa cinyar tsaunuka. Da hantsi ɗan hasken da ya ratsa shi yakan ɗumama ƙasa, ƙasa kuwa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Sai ɗumi ya taso masa daga ƙasa, gindinsa ya ɗaga, ya narke. Narkewar takan fara daga can ciki, inda ya fi sirantaka, ta biyo baya zuwa bakin teku. Da yamma, tudu ya yi zafi, iskar teku ta kaɗo da sanyinta, ta share wa girgijen hanyar dawowa. A arewacin Chile, inda ake kiransa camanchaca, haka ake yi kusan kullum: safiya a rufe, tsakar rana a buɗe, almuru ya sake lulluɓe duwatsu. A Lima kuwa, a watannin sanyi, yakan yi kaurin da rana ba ta iya gamawa da shi kafin ta faɗi. Unguwannin bakin teku irin su Callao da Miraflores su wuni a rufe. Amma wanda ya hau mota ya bi kwarin zuwa Chosica, tafiyar kusan kilomita 40, tsayin kusan mita 850, yakan fita daga ƙarƙashinsa ya tarar da rana tarwai. Shi ya sa iyalai ke ɗunguma can a ƙarshen mako don su sha hantsi.

Abin da wannan ke yi wa ma'aunin zafi a bayyane yake. Da rana girgijen yana tare haske, gari ba ya zafi. Da dare yana mayar wa ƙasa da ɗuminta, gari ba ya sanyi can-can. A watan Agusta daren Lima yana wajen digiri 15, ranarta wajen 18 ko 19; tsakanin dare da rana digiri uku ne ko huɗu. Ɗan Kano a hunturu yakan kwana a wajen digiri 13 ya wuni a wajen 30, don samansa a buɗe yake, iskarsa busasshiya. Ma'auni zai ce sanyin Lima ba wani sanyi ba ne, amma sanyi ne mai laima da ke shiga bango da katifa, ba ya fita.

Talaka ne ya fi ɗanɗana wannan. Birnin ya cika ya hau duwatsu, kuma duwatsun nan daidai tsayin girgijen suke. A tuddan Villa María del Triunfo, kudu da birnin, akwai gidajen katako da tabarma da kwano waɗanda ke kwana a cikin girgijen kansa, ba a ƙarƙashinsa ba. Hanya ta zama taɓo, bango ya yi funfuna, yara su yi ta fama da tari da ciwon ƙirji. Faifan da ya hana danshi fita shi ne kuma ya hana hayaƙin motoci fita, duk a ƙwarya ɗaya ake shaƙa. Abin da ya fi ciwo shi ne mutanen da ke zaune cikin laima haka ba su da famfo. Daga motar tanka suke sayen ruwa, a farashin da ya ninka na masu famfo a tsakiyar birni.

Sai dai girgijen ba ya zuwa hannu rabbana. Duk inda ya gogi dutse yakan bar ruwa. Duwatsun gaɓa da suke ƙurmus rabin shekara sukan yi kore shar a watannin sanyi, ba tare da an yi ruwan sama ba. Lomas ake kiransu. Na Lachay, kusan kilomita 100 arewa da Lima, gwamnati ta killace su tun 1977, kuma a watan Yuni furen amancay mai ruwan ɗorawa yakan buɗe a tuddan da ke kewaye da birnin. A Chile akwai dajin Fray Jorge, kurmi sosai a kan dutse, kewaye da busasshiyar ƙasa. Ganyen itatuwan ne ke tatsar girgijen, ruwan ya ɗiga gindinsu.

Mutane sun kalli itatuwan sun koya. Tun shekarun 1950 masanin kimiyya Carlos Espinosa ya fara gwada tarkon girgije a Antofagasta. Abin ba shi da wuya: sanduna biyu, raga mai ƙananan idanu a miƙe tsakaninsu tana fuskantar iskar teku, indararo a ƙasa, bututu zuwa tanki. Ɗigo ya maƙale a zare, ya haɗu da ɗan'uwansa, ya gangara. Da dare da sassafe ragar take aiki, da tsakar rana ta bushe, daidai da juyawar ludayi. A 1992 aka jawo irin wannan ruwa daga dutsen El Tofo zuwa ƙauyen masunta na Chungungo, mai mutum kusan 300, waɗanda a da sai mota ta kawo musu. Shekaru ƙauyen yana sha, har da lambuna. Bayan kusan shekara goma ragogin suka yayyage, ba a tsayar da masu kula da su ba, aikin ya mutu. Girgijen bai fasa zuwa ba ko dare ɗaya. Darasin ya yi amfani, domin ayyukan da suka biyo baya, a tuddan Lima da kuma dutsen Boutmezguida na kudancin Maroko, sun fi mai da hankali ga wanda zai riƙe ragar bayan an kafa ta.

Wanda yake son sanin darajar faifan nan ya dubi shekarar da aka ɗage shi. Idan El Niño ya zo, ruwan ɗumi yakan mamaye gaɓar Peru. Iskar ƙasa ta daina sanyi, ta sami ƙarfin huda ta sama, girgijen da ya saba kwanciya ya miƙe ya zama hadari. Haka aka yi a 1997 zuwa 1998, haka aka sake yi a farkon 2017, lokacin da kogin Piura ya ɓalle ya shiga gari a watan Maris, laka da duwatsu kuma suka gangaro kan gidaje a Chosica. Ƙasar da aka gina bisa tabbacin ba a ruwa ba ta da magudana, rufinta a shimfiɗe yake. Tsohon birnin Chan Chan na daular Chimú, kusa da Trujillo, da tubalin ƙasa aka gina shi, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda ƙarancin ruwa. Irin waɗannan shekaru ne ke zaizaye shi.

Ba Peru da Chile kaɗai ke da wannan shimfiɗa ba. Akwai ta a gaɓar Kalifoniya, inda takan jinkirta saukar jirage da safe a filin jirgin San Francisco har sai ta yaye. Akwai ta a gaɓar Namibiya da Angola, a kan ruwan sanyi na Benguela. A lissafin da Robert Wood na Jami'ar Washington ya tattara a 2012, irin wannan girgije yana rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na fuskar duniya. Buɗaɗɗiyar teku tana shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken da ya sauka mata. Girgijen yana mayar da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci fiye da rabi. Kuma da yake yana ƙasa-ƙasa, ba ya tare zafin da duniya ke saki kamar yadda na can sama ke yi. Aikinsa sanyaya duniya ne. Amma lura da lokacin: ya fi kauri sa'ad da babu ranar da zai tare, ya fi rauni sa'ad da take dukan teku. Saboda haka ko ya yaye da ƙarfe 11 ko ya jure zuwa ƙarfe 2 ba ƙaramin zance ba ne. Sa'o'in nan, a kan faɗin teku irin wannan, zafi ne mai ɗimbin yawa da zai shiga ruwa ko ya koma sarari.

A nan ne hayaƙinmu ya shigo. Iskar kabon da ke taruwa a sama tana mayar wa saman girgijen da wani ɓangare na zafin da yake saki, wato tana rage sanyin da ke juya ludayi. A 2019 Tapio Schneider da abokan aikinsa a Caltech suka gwada wannan a kwamfuta, suka ga cewa idan iskar ta kai wajen 1,200 cikin miliyan, kusan ninki uku na yau, shimfiɗar tana iya watsewa, zafin duniya ya ƙaru da wajen digiri 8 bayan wanda iskar kanta ta jawo. Gwaji ne a kan ɗan yanki, masana suna ta muhawara a kan adadin. Abin da ya fito fili shi ne damun nan yana da iyakar abin da zai jure.

Kada mai karatu a Katsina ko Maraɗi ya ce nesa ta yi nesa. Mazauna zangon Kumasi sun san safiyar Yuli da Agusta, yadda wani girgije mara ruwa ke kwana a kan gari ya ƙi tashi sai hantsi ya dubi ludayi. Ɗan'uwan wancan ne, ko da yake iskar dare mai sanyi daga tekun Gini ce ke haifar da shi. A 2016 masana suka kafa na'urori a Kumasi da Savè ta Benin da Ile-Ife don su bi shi daga dare zuwa rana. Sannan daminarmu kanta tana sauraron zafin ruwan Atlantika. Idan kudancin tekun da mashigin Gini suka yi ɗumi fiye da al'ada, ruwa yakan noƙe a kudu, Sahel ta samu kaɗan. A 1984, shekarar da fari ya kai maƙura, ruwan wannan yanki ya yi ɗumi ƙwarai. Girgijen gaɓar Namibiya da Angola yana cikin abubuwan da ke riƙe sanyin wannan ruwa, kuma an daɗe da sanin cewa na'urorin hasashen yanayi da yawa suna zana shi da ƙaranci, har tekun ta fito musu da ɗumin da ba ta da shi.

Manomin da ke jiran rediyo ta gaya masa yaushe zai yi shuka, da irin da zai zuba, yana dogara ne da lissafin da ke ƙoƙarin kama motsin wannan girgije daga magariba zuwa la'asar. Duk kuskuren da aka yi a can yana iya biyo iska ya iso gonarsa. Saboda haka ya kamata jami'o'inmu da hukumomin yanayi na Najeriya da Nijar da Gana su sa 'ya'yansu cikin masu auna shi, kuma gwamnatocinmu su ɗauki kuɗin na'urar awo a bakin teku a matsayin kuɗin abinci, domin hatsin da zai shiga rumbu yana da alaƙa da shi.